Shekarar da Na Yi Ina Gudun Lissafi

Ranar da sakamakon WAEC ɗinmu ya fito a 2022 ban iya dubawa a wayata ba, don hannuna ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na zura hijabi na tafi wani shagon kwamfuta da ke bakin titi a unguwarmu, Gwammaja, na miƙa wa yaron shagon kati da lambar jarrabawata. Ya shigar, muka jira, injin ya turo takardar. Kafin ya miƙo mini sai da ya ɗan saci kallonta, ya ce, "Hajiya, ai kin yi ƙoƙari. Guda ɗaya ce kawai ta ba ki matsala." Ban tambaye shi wacce ba, na riga na sani.

Hausa A1. Ilimin Addinin Musulunci B2. Adabin Turanci B3. Ingilishi C4. Sauran ma ba laifi. Lissafi F9. Da NECO ta fito daga baya sai na ɗan matsa zuwa E8, shi ma bai tsinana mini komai ba. Daga A1 zuwa C6 ne kiredit, D7 da E8 sunansu wucewa amma ba sa buɗe ƙofa, F9 kuwa faɗuwa ce warwas. Ƙa'idar da na tarar a lokacin ita ce kiredit biyar, ciki har da Ingilishi da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne JAMB. Na ci 228 cikin 400, kuma babu lissafi ko ɗigo a darussa huɗun da na zauna, tunda Hausa nake son karantawa. Amma takardar sakandaren da zan ɗora a shafinsu da rami a tsakiyarta. Haka makin nan ya zauna har shekararsa ta ƙare ya tashi a banza, don sakamakon JAMB ba ya tsallaka shekara.

Matsalata da lissafi ba a sakandare ta faro ba. Ina aji huɗu a firamare na kwanta zazzaɓin taifot, na yi kusan zango guda ban leƙa makaranta ba. Na bar 'yan ajinmu suna tarawa da ɗebewa, na dawo na tarar da su a kan lambobi masu hawa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa da layi a tsakani. Mun haura ɗari a ajin, kaɗan a benci, mafi yawa a ƙasa. Malamin ba shi da halin komawa baya saboda yarinya ɗaya, ni kuma ba ni da bakin cewa ban gane ba. Ranar haddar "sau" kuwa, duk wanda ya kakare sai ya miƙa tafin hannu. A nan na koyi dabarar da ta bi ni shekara takwas: in zauna a baya, in kwafe abin da ke allo tsaf, in sunkuyar da kai idan malam ya waiwayo. Kowace shekara sai a ɗora sabon gini a kan tushen da babu shi.

A shafukan baya na littafin lissafin nan nake rubuta labari. Tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare 'yan ajinmu ke karɓa suna karantawa a ƙarƙashin tebur, wata ta miƙa wa wata, su dawo suna tambayata me zai faru da amaryar. A gida kuma Umma tana da wani tsohon akwati cike da littattafan Hausa na zamanin da ake sayo su a Bata da kasuwar Sabon Gari, wasu bangonsu ya cire an ɗinke da zare. Na karance su kaf, wasu sau uku. Da na gama sakandare Yaya ya ba ni tsohuwar wayarsa, na fara buga labarina ina turawa rukunonin mata na WhatsApp.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Marubuciya za ta saki shafuka goma ko ashirin kyauta, su yi ta yawo daga wannan rukuni zuwa wancan. Idan labarin ya kai inda mai karatu ba za ta iya haƙura ba, sai a tsaya, a sa lambar asusu. Wadda ta biya ta turo shaida, a jefa ta rukunin waɗanda suka biya, a nan ake ci gaba da sakin shafi kullum. Littafina na farko kyauta na ba da shi duka. Na biyu na sa masa naira 500. Mutum 140 suka biya. Ranar da na ga jimillar ta kai dubu saba'in sai da na yi sujada. Ina da shekara goma sha takwas, ban taɓa riƙe kuɗin da ni na nemo da kaina ba.

Shekarar kuma ta zo da abin da ya ƙarfafa mini gwiwa. Malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun Fabrairun 2022, ba su janye ba sai Oktoba. Wata takwas Yaya yana zaune a gida, mai karatun injiniya, yana bin Abba kasuwar Kantin Kwari yana ɗaga dilar atamfa. A layinmu akwai mai digiri da ke tuƙa adaidaita sahu, akwai mai digiri da ke zaune da na'urar cirar kuɗi a ƙarƙashin lema. Sai na riƙa ce wa kaina: shekara huɗu da za ta iya komawa shida, kuɗin rajista, kuɗin mota, a ƙarshe a fito ana yawo da takarda a ambulan. Ni kuwa ga sana'a a hannuna, ga masu karatu suna jira. Kuma manyan marubutanmu mata nawa ne suka yi suna ba su taka jami'a ba?

Na samu Umma a kicin tana tankaɗe, na ce, "Umma, ni fa na haƙura da bokon nan. Rubutu zan riƙe." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki gaya wa Abbanku da bakinki." Gwaggona da ta ji labari cewa ta yi, to madalla, ai sai in fito da miji, tunda ba a ajiye budurwa a ɗaki tana latsa waya. Wannan ma yana cikin abin da ake aunawa a gidajenmu, ko ba a faɗa ba. Yarinyar da ke zuwa makaranta ana ɗaga mata ƙafa. Wadda ta ce ta gama, an san maganar da ke biye.

Sai da na yi makonni ina juya maganar kafin na tunkari Abba. Lokacin canjin kuɗi ne, farkon 2023, takardar naira ta yi wuya, kasuwa ta mutu, yana dawowa gida tun kafin magariba. Bayan isha'i yana zaune a tabarma a tsakar gida, rediyo a gefensa, na durƙusa na faɗa masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Ya rage muryar rediyon ya ce, "Uwata, nawa kika samu a littafin?"

Na ce dubu saba'in, har da ɗan alfahari a muryata.

"A wata nawa?"

"Huɗu."

"Dubu goma sha bakwai da ɗari biyar ke nan a wata. Data fa?"

Na ce kamar dubu huɗu a wata. Ya tambayi caji, na ce idan babu wuta ina ba mai caji naira ɗari, kusan kullum. Ya tuna mini gilashin wayar da ya fashe aka canja a Farm Centre dubu goma sha biyu. Bai ɗauki biro ba, bai taɓa waya ba. Yana kallon sama yana motsa leɓe, kamar yadda yake yi idan ana cinikin shadda yadi talatin. Ya ce, "Saura dubu bakwai da ɗari biyar a wata. Naira ɗari biyu da hamsin a rana. Awa nawa kike yi a kai?"

Na yi shiru, don wani lokaci tun bayan azahar nake bugawa har sha biyun dare, babban yatsana ya kumbura.

Ya ce, "Ban ce ki bari ba. Ni da tallan hankici na fara a Kwari. Kowace sana'a da rarrafe take farawa. Amma ɗan kasuwar da bai raba uwar kuɗi da riba ba, jarinsa yake ci yana murna. Ki je ki yi tunani, ba zan tilasta miki ba."

Daren nan na yi kuka. Ƙarancin kuɗin bai dame ni ba kamar yadda wani abu ya dame ni: wata huɗu ina riƙe da lambobin nan, ban taɓa iya jera su in ga abin da suke faɗa ba. Abban da iyakarsa firamare da makarantar allo ya gama cikin minti biyu.

Littafi na uku ya ƙara buɗe mini ido. Mutum kusan ɗari biyu suka biya, na ji daɗi. Kafin in kai rabi sai wata ƙawata ta turo mini shafin da na saki da safe, ta ce a wani rukuni ta tsince shi, kyauta. Wata daga cikin waɗanda suka biya ce take kwashewa tana rabawa. Na yi roƙo, na yi Allah ya isa, na cire waɗanda nake zargi, abin bai tsaya ba. Da na kammala aka haɗa shi dunƙule guda ana turawa, an goge sunana daga sama. Daga baya na ji wani yana karanta shi a tasharsa ta YouTube, bai taɓa nemana ba. Ban san inda zan kai ƙara ba, ban san ma ko ina da haƙƙin da doka ta sani ba.

A wannan tsakanin ne na je wani taron marubuta a ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello. Na tafi da gajeren labarin da nake shirin aikawa gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata. Bayan an tashi na yi ƙarfin hali na tsayar da wata dattijuwar marubuciya, irin waɗanda suka buga littafi tun ana kai wa 'yan kasuwa a buhu. Ta karɓi takardun ta zauna a kan dakali, ta ciro jan biro daga jakarta. Shafin farko kaɗai sai da ya koma kamar an yanka kaza a kansa. Inda na rubuta "nace" ta raba shi "na ce". Inda na rubuta "ya na" ta haɗe shi "yana". Ƙ da ɗ da ɓ duk na bar su babu lanƙwasa, ta ce, "Ƙofa kike nufi ko kofa? Ɓata ko bata?" Ta ja layi a ƙarƙashin sakin layi uku ta ce duk surutu ne, an saba da ja wa labari rai don shafi ya cika, a gasa kuwa kalma ƙidayayya ce. Ni da na ci A1 a Hausa, ni da ake kira "marubuciyarmu" a waya.

Sannan ta ce, "Amma kina da kunne. Maganar mutanenki kamar a tsakar gida ake yin ta. Wannan ba a koyar da shi. Me kike karanta?"

Na zayyana mata komai, har hujjojina na yajin aiki da masu digirin da ba su da aiki. Ta saurara har na gama. Ta ce gaskiya ne, jami'a ba ta mai da mutum marubuci, ita ma ba ta yi ba. Ta ce amma kasuwar da ta ciyar da su ta ruguje, takarda ta yi tsada, masu sayen littafi sun koma waya. Waɗanda ta sani suna ci da alƙalami yanzu ba abu ɗaya suke yi ba: rubutun fim, fassara, wasan kwaikwayon rediyo, aikin jarida, koyarwa. Wasu ƙofofin ba sa tambayar takarda, wasu kuwa ita suke fara tambaya, kuma ta sha gani aikin da ta fi kowa iyawa ya wuce ta saboda haka. Sai ta kalle ni ta ce, "'Yata, in tambaye ki. Da a ce C6 kika gani a takardar nan, da yanzu kina ina?"

Na ce, "Da ina jami'a, Anti."

"To ai ba zaɓi kike yi ba. Gudu kike yi, kika samu rubutu kika ɓuya a bayansa. Ki je ki ci lissafin. In kin ci kika ce ba kya son jami'ar, ni zan fara goya miki baya."

A adaidaita sahu ina hanyar gida na ji haushinta sosai. Sai da aka kwana biyu na yarda cewa duk hujjojin da na tara, bayan F9 na tara su. Kafin sakamako ya fito ban taɓa cewa jami'a ɓata lokaci ce ba.

Da na fara cigiyar yadda zan sake zama, wata da muka yi makaranta tare ta kawo mini gajeriyar hanya. Ta ce akwai wata santa a wajen gari, ana ƙara kuɗi a kan na rajista, ranar jarrabawa a rubuta amsa a allo, kowa ya kwafa. Ita da haka ta fita. Ba zan ɓoye ba, na karɓi lambar mutumin, na tambayi farashi, kuma kuɗin littafina za su isa. Kwana uku lambar tana wayata. Abin da ya hana ni shi ne wata magana da na taso ina ji a bakin Abba duk lokacin da yaron shago ya ja yadi ya rage ɗan yatsa: wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Hadisi ne, kuma a gidanmu ba a allo kaɗai yake ba. Sannan na ga cewa in na yi haka, kwafar allon nan ce dai da na yi shekara takwas ina yi, sai dai wannan karon da kuɗina. Na goge lambar.

Yaya ne ya fara koya mini, ba mu yi mako biyu ba muka ɓata. Shi abin a jininsa yake, sai ya tsallake layi uku ya ce "ai a bayyane yake". Umma ce ta ce in je wurin maƙwabciyarmu, wata Malama da ta yi ritaya bayan shekaru tana koyar da firamare. Na ji nauyi, ina mai takardar sakandare in koma gaban malamar firamare. Ranar farko ta ba ni tambayoyi goma a bayan kalanda. Na ci uku. Ta duba ta ce, "Alhamdu lillahi, na ga inda ramin yake. Aji huɗu ne. Daga nan za mu taso."

Ta rubuta ɗaya bisa takwas a tara da ɗaya bisa shida. Na ce biyu bisa sha huɗu. Ba ta ce na yi kuskure ba. Ta ce, "Kin yi rabon gado a Islamiyya?" Na ce mun yi, har na zo ta biyu. Ta ce, "Mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya maza da mata. Me matar za ta samu?" Na ce sumuni. "Uwar fa?" Na ce sudusi. "Gida nawa za a kasa dukiyar?" Ban ko yi tunani ba na ce ashirin da huɗu, mata ta ɗauki uku, uwa huɗu, sha bakwai na 'ya'ya. Ta ajiye biro a kan takardar ta ce, "To me kika yi yanzu? Sumuni ba shi ne ɗaya bisa takwas ba? Sudusi ba ɗaya bisa shida ba? Uku da huɗu nawa?" Na kalli takardar. Bakwai bisa ashirin da huɗu. Abin da ake kira asalin mas'ala a Islamiyya shi ne lambar da malaman boko suka yi ta nema a ƙasan layi ina kallonsu kamar masu yaren aljanu. Na daɗe da iya shi, ba wanda ya taɓa gaya mini abu ɗaya ne. Na kifa kai a gwiwa, Malama ta bar ni sai da na gama.

Haka ta bi da ni. Lambobin da ke ƙasa da sifili ta ce bashi ne: kina da naira uku ana bin ki biyar, me gare ki? Kaso cikin ɗari ta ɗauko shi daga zakka da ribar atamfa. Harafin x ta ce in ɗauke shi kamar mutumin da aka ɓoye sunansa a labari, duk abin da ke kewaye da shi shaida ne a kansa. Haddar "sau" kuwa babu dabara, sai da na zauna na haddace ta kamar yarinya, ina wanke-wanke ina bakwai sau takwas. Wata uku muna haka, kullum bayan la'asar, ban da Juma'a. Ba ta karɓi ko kwabo ba. Umma ce take aika mata da tuwo ranar da aka yi miyar da take so.

Daga nan ta ce iyakarta ke nan, in nemi masu shirya ɗalibai. Na shiga wani lesin na safe, wata uku. Tallafin mai ya riga ya tafi tun ƙarshen Mayu, kuɗin adaidaita ya ninka, don haka rabin hanya a ƙafa nake yi. A can na fahimci jarrabawar kanta. Takarda ta farko tambaya hamsin ce ta zaɓi, awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambaya goma sha uku ce, a amsa goma: biyar na farko dole, sannan a zaɓi biyar daga cikin takwas, awa biyu da rabi. Malamin ya nanata mana cewa ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka kada a bar fili, kada kuma a goge aiki. A zamana na farko rabin takardar fari fat na miƙa. Ya kuma ce wanda ke neman kiredit ba sai ya iya komai ba. Na zaɓi inda ƙafata ke taka ƙasa: ƙididdiga da zanen giraf, riba da faɗuwa, zanen da'irori masu shiga juna, nemo x da y, lissafin yiwuwar abu. Ƙa'idojin da'ira da na kusurwar tafiya na taɓa su sama-sama na bar su. Na sayi littafin tambayoyin baya, na bi na shekara goma, ina sa agogo a gabana.

Rubutu kuwa sai da na dakatar da shi. Na sanar a rukunina cewa zan yi hutun wata shida. Wasu suka yi addu'a, wasu suka fice a ranar. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, domin a wurin nan kaɗai nake jin ni wata ce.

Da kuɗin littafi na uku na yi rajistar WAEC ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, zaman ƙarshen 2023. Na sayi lambar rajista, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, na zaɓi Kano a matsayin garin jarrabawa, aka buga mini katin shiga. Ranar lissafi Abba da kansa ya kai ni a babur, abin da bai taɓa yi ba ko a firamare. A bakin ƙofa ya ce, "Uwata, abin da kika sani ki rubuta, wanda ba ki sani ba ki bar wa Allah." A ɗakin akwai matan aure, akwai wani mai furfura a gemu. Na buɗe takarda ta biyu, tambayar farko ta lambobi masu hawa biyu ce. Na yi bisimilla na nemo asalin mas'ala. Tara na amsa cikin goma, biyu daga ciki na san ban kai ƙarshensu ba, amma na bar aikina a rubuce.

Sakamako ya fito a farkon 2024. Wannan karon a wayata na duba, a ɗakin Umma. C6. Ita ce ta ƙarshe a layin kiredit, kuma ban taɓa samun makin da na sha wa wuya kamarsa ba. Gidan Malama na fara zuwa, ko takalmi ban sa daidai ba.

Sai a lokacin na zauna na yi zaɓin da Anti ta ce. Na ba kaina mako guda, na yi istihara. Hujjojina na da ba su mutu ba: yajin aiki zai iya dawowa, kuɗin rajista ya tashi a jami'o'in tarayya da dama a 2023, masu digiri na layinmu suna nan inda suke. Abin da ya rinjaye ni jan biron nan ne. Na gane ina rubutu da harshen da ban san ƙashinsa ba, kuma ina so in sani. Na tura lambar NIN ɗina aka ba ni lambar shiga, na sake cike JAMB, na zauna a gaban kwamfuta a watan Afrilu, na samu 241. Na ɗora sakamako biyu, na makaranta da na GCE. Jami'ar Bayero ta ɗauke ni a Sashen Koyar da Harsunan Najeriya.

Yanzu kullum ina hanyar Gwarzo zuwa sabon mazauni. Na koyi dalilin da ya sa ake raba "na ce" ake haɗe "yana". Na san karin sauti da tsawon wasali, na san yadda ake yanka baitin waƙa a auna shi, wanda shi ma ƙirga ne. Na ji tarihin gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, na ga ashe layin da na shiga dogo ne. Abin da na biya kuma ba kaɗan ba ne. Da kullum nake sakin shafi, yanzu sau biyu a mako, lokacin jarrabawa ko ɗaya babu. Masu biyana sun ragu da fiye da rabi, wasu da muka fara tare sun yi mini nisa, suna da dubban mabiya, ɗaya har ta sayi fili. Idan na ga haka raina yana sosuwa, kuma ba zan ce ita ta yi kuskure ba. Littafina na huɗu ya shekara a babi na goma sha tara. Sai dai yanzu ina da ƙaramin littafi mai layi biyu, shiga da fita, ni nake cike shi, Abba yana dubawa ƙarshen wata.

A Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu karatun fannin Arts, irin su adabi da harsuna, ko da yake har yanzu kowa sai ya zauna jarrabawarsa a sakandare. Ina cikin motar makaranta na gani. Na yi murna saboda 'yan mata irina da darasi ɗaya ya zaunar a gida, na kuma daɗe ina kallon taga ina tuna shekara biyun nan.

Daren ranar wata yarinya daga cikin masu karatuna ta yi mini magana, 'yar aji biyar a sakandare, ita ma tana rubutu. Ta ce, "Anti, kin ji an cire mana lissafi? Na huta." Na ce ta duba sharaɗin kwas ɗin da take so da na jami'ar da za ta cike kafin ta saki jiki. Sannan na tambaye ta a ina ya fara kufce mata. Ta ce tun firamare, wajen lambobin nan na sama da ƙasa. Na tambaye ta ko tana zuwa Islamiyya, ta ce tana zuwa. Na yi mata saƙon murya: mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya, an kasa dukiya gida ashirin da huɗu, nawa ya rage wa 'ya'yan? Ta yi shiru har na ɗauka ta kwanta. Wajen ƙarfe goma wayata ta yi ƙara. Ta rubuto: "Sha bakwai. Anti, turo wani."